Yadda Ɗalibi Zai Haɗa Abincin Sallah a Ƙasar Waje

Yaranmu na ƙauyukan Kano da Jigawa da ke fita karatu sun yi yawa yanzu. Wasu na Alƙahira da Madina, wasu na Indiya da Malesiya da Turkiyya, wasu Ingila. Sanyi da nauyin karatu ana jurewa, amma ranar Sallah tana da wuya. A gida tun asuba ake jin turmi, hayaƙi na tashi daga kowane madafi, yara na ta kai kwanuka gidan Gwaggo da gidan Kawu. Can kuwa mutum ya dawo daga Idi ya tarar da ɗaki shiru, in bai yi tanadi ba ya ƙare da shayi da burodi. Ba na son ɗan kowa ya yi Sallah haka. Ana iya yin tuwon Sallah a kowace ƙasa, in an fara shiri da wuri kuma an yi shi cikin jama'a.

Tun kana gida

Abu na farko ba kaya ba ne, hannu ne. Yawancin samarinmu ba su taɓa riƙe muciya ba, domin a ƙauye madafi na mata ne. Kafin ka tafi, ka ajiye kunya ka ce, "Inna, don Allah ina so ki nuna mini tuƙin tuwo da kaɗa miya." Ka zauna kusa da ita ka yi da hannunka har sai ta ce ya yi. 'Yan mata ma su tambayi ma'auni, don girkin gida da ido ake yin sa, ita kuwa tukunyar baƙon wuri ido bai san ta ba. A auna da kofin shayi a rubuta.

Sai ƙunshi. Yawancin jirage na ba da jaka mai kilo 23, don haka ba a cika ta da abin da ake samu ko'ina. Shinkafa da wake da man gyaɗa duk akwai su can. Abin da za a ɗauka shi ne wanda ba shi da nauyi kuma shi ke mayar da miya ta gida: garin kuka da aka tankaɗe, busasshiyar kuɓewa dakakkiya, daddawa, yajin ƙuli, kimba, masoro, busasshen tattasai, busasshiyar yakuwa, da zoɓo. Daddawa a ƙara shanya ta kwana biyu ta bushe ƙarau, a daka, a zuba a roba mai murfi, sannan a sa robar cikin leda biyu. In ba a yi haka ba, kayan sawa duk za su ɗauki warinta. Kowane ƙulli a sa shi a leda mai nuna ciki, a rubuta sunansa da harshen da jami'an filin jirgi za su karanta. A haɗa da muciya ƙarama da maburgi da mara. Ba su da nauyi, kuma cokalin katako na shago karyewa yake yi a tuwo.

Iyaye mata, ga inda nake roƙonku. Kilishi da dambun nama da man shanu, waɗanda zuciya ta fi so a sa wa yaro, su ne aka fi kamawa. Ingila ta hana matafiyi daga Najeriya shiga da nama ko kayan madara. Amurka ma tana karɓe nama, kuma dole ne a bayyana duk wani abinci da ke cikin jaka. Bandar kifi irin ta Haɗeja Ingila na barin ta in ba ta wuce kima ba, amma dokoki na canzawa, sai a duba na ƙasar kafin a ɗaure kaya. Mai zuwa Saudiyya ya bar goro a gida. Kanwa ma a bar ta, bekin soda na yin aikinta. Kuma kada ɗalibi ya karɓi saƙon kowa a rufe, ko na ɗan'uwa ne, sai ya buɗe ya gani da idonsa.

Saura wata guda

Ka fara sanin ranar. A gida Sarkin Musulmi ke sanar da ganin wata, amma kai za ka bi jama'ar garin da kake. Turkiyya na bin lissafin da hukumar addininta ke fitarwa tun farkon shekara, Indiya kuwa sau da yawa kwana ɗaya take bayan Saudiyya. A Ingila ma akan sami masallatai biyu a gari ɗaya su saɓa. Ka zaɓi masallacin da kake Juma'a a ciki ka bi su, ka tambayi inda za a yi Idi da ƙarfe nawa, domin a wasu garuruwan ana yin ta rukuni-rukuni saboda ƙarancin wuri.

A ƙasar da Sallah ba hutu ba ce, ka rubuta wa malaminka tun yanzu ka nemi uzuri, ka ambaci kwana biyu domin ranar na rataye da ganin wata. In jarrabawa ta faɗo ranar, ka je Idi, ka rubuta jarrabawarka, a ɗaga girkin zuwa Asabar. Babu laifi a ciki.

Daga nan sai neman mutane. Mutum shida zuwa goma ya fi daɗin sarrafawa. Kada ka tsaya ga 'yan jiharku. Akwai 'yan Nijar, akwai Hausawan Gana da Kamaru da Sudan, akwai 'yan kudu da ke kewar gida kamar kai. Ka fi neman sabon zuwa, wanda wannan ce Sallarsa ta farko a waje, don shi ne zai kulle kansa a ɗaki ya ce ba komai. A buɗe zaure a WhatsApp, a yanka kuɗin karo-karo, mutum ɗaya ya riƙe ya rubuta. Wanda kuɗin tallafinsa bai shigo ba, a ba shi aikin cefane ko wanke-wanke a rufa masa asiri, kada a sa sunansa a jerin masu bashi.

Batun nama da layya

Nan ne ɗalibai suka fi rikicewa. Layya sunna ce mai ƙarfi ga mai hali. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin haya ba dole ba ce a kansa, kuma ban ga dalilin cin bashi dominta ba. Mai hali yana da hanya biyu. Ko ya aika kuɗi gida da wuri Baba ya saya masa rago, a Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, tun kafin farashi ya haura a makon ƙarshe, a yanka da sunansa. Ni wannan na fi so, saboda naman zai shiga gidajen da suka fi bukata, kuma Inna za ta ji daɗin rabawa tana cewa na wane ne. Ko kuma ya ba mahaucin halal na garin da yake ajiya, a yanka bayan Idi a kawo masa, wani lokaci sai washegari ko kwana na uku.

Kada ka kuskura ka yi yanka a bayan ɗakin kwana. A Ingila mahauta mai lasisi kaɗai ake yanka, a Turkiyya kuma hukumomin gari na ware wuraren yanka, wanda ya yi a titi tara ce. A Indiya jihohi da dama sun hana yanka saniya, naman da za ka samu na akuya ne ko na ɓauna, kuma akwai masu gidan haya da ba sa yarda a dafa nama a gidansu sam. Ka tambaya kafin ka gayyaci mutane.

Watanda kuwa tana yiwuwa ko'ina: ku haɗa kuɗi ku sayi rabin rago ko cinyar sa a wajen mahauci ku raba. Sai dai a sani watanda ta cin nama ce. Malikiyya ba ta yarda da tarayyar kuɗi a dabbar layya ba, wasu mazhabobin kuma sun yarda mutum 7 su haɗu a sa ɗaya, kuma haka za ka ga ana yi a Turkiyya da Indiya. Wanda ke son shiga irin wannan ya tambayi malaminsa.

In Ƙaramar Sallah ce, ka fitar da zakkar fidda kai kafin Idi, mudun Annabi 4 na abincin da aka fi ci a garin. Masallatai na karɓa su raba.

Cefane

Shawarata ita ce kada ku wuce abinci uku: tuwon shinkafa da miyar taushe, soyayyen nama, da zoɓo. Masu son yin kala bakwai a kicin mai murhu biyu su ne ke cin abincin Sallah bayan isha'i a gajiye. In akwai hannu da yawa a ƙara masa.

Shinkafar tuwo ita ce mai gajeren ƙwaya mai danƙo. Wanda ke Masar ya huta, domin shinkafarsu ta gida haka take. A Turkiyya a nemi karyayyar shinkafa, a Ingila wadda suke yin fate mai zaƙi da ita, a Malesiya karyayyar shinkafar Tailan. Basmati ba ta tuwo, kome daɗewarta a wuta warwatsewa take yi. In duk an rasa, a yi tuwon semolina, wanda ake kira suji a Indiya, irmik a Turkiyya.

Kayan miya da yawa suna nan da wani suna. Alayyafo shi ne bayam a kasuwar Malesiya. Yakuwa ɗanya ana sayar da ita a kudancin Indiya da sunan gongura. Zoɓo a Masar da Sudan karkade ne, lalo kuma mulukiya. Kabewa kowace iri mai jan ciki ta yi. Gyaɗar miya a sayi niƙaƙƙiya ta kwalba, amma a karanta jikin kwalbar a tabbatar babu sukari. Manja ja da attaruhu an fi samun su a shagon 'yan Afirka, kuma a je da wuri don kowa can zai nufa a makon Sallah.

Na mutum 10 ga abin da zai isa: shinkafar tuwo kilo 2 da rabi, nama mai ƙashi na miya kilo 2, tsokar suya kilo 3, kabewa kilo 1 da rabi, tattasai manya 8, tumatir 10, albasa 6, attaruhu 4, gyaɗa kofi 1, alayyafo dami 3, mai lita 2.

Jajibere

Duk abin da zai iya kwana a yi shi yau. Safiyar Sallah ta tuwo ce kawai.

A fara da naman suya. A yanka shi manya kaɗan don yana tsukewa. A zuba a tukunya da albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba guda biyu da gishiri, ba tare da ruwa ba da farko. A rufe a bar shi ya fitar da ruwan jikinsa, sannan a ƙara kofi biyu a dafa har ya yi laushi amma bai farfashe ba. A tsame a bar shi ya tsane sosai. Romon kada a zubar, shi ne ran miyar. A soya kaɗan-kaɗan a mai mai zafi har ya yi ja. In aka cika kasko, man zai huce naman ya sha mai. A barbaɗa yajin ƙuli tun yana da zafi.

Kafin a ɗora mai, a buɗe taga a kunna fankar hayaƙi. Ɗakunan kwanan ɗalibai na da ƙararrawar hayaƙi, in ta tashi duk ginin zai fito waje, wasu makarantun har tara suke ci. Kada a rufe ta da leda ko safa, an sa ta ne don rai. Kicin in na tarayya ne, a sanar da sauran tun kwana biyu, a yi amfani da tukwanen kai da soson kai, domin ba ka san abin da aka dafa a na kowa ba.

Sai miyar. A tafasa naman ƙashi kamar na farko. A fere kabewa a yanka a jefa cikin romon ta dahu har cokali ya ratsa ta, a tsame a dame ta. A markaɗa tattasai da tumatir da attaruhu da albasa, a dafa markaɗen shi kaɗai har ruwan ya ƙone tsamin ya mutu. Wannan matakin ne masu gaggawa ke tsallakewa, shi ya sa miyarsu ke tsami. A soya albasa a manja ludayi biyu, a juye markaɗen a soya har mai ya taso, a zuba romo da nama da daddawa cokali biyu da ɗanɗano. In ya tafaso, a dama gyaɗa da ruwan ɗumi a zuba, a rage wuta ana juyawa, don gyaɗa na kama gindin tukunya. Bayan minti 15 a sa kabewar. A nan a tsaya. Alayyafo da yakuwa sai gobe in an ɗumama, don su fito kore. Miyar ta huce a sa ta a firji, kada ta kwana a kan murhu.

Zoɓo a wanke shi, a tafasa da citta da kanumfari da ɓawon abarba in akwai, a tace, a sa sukari bayan ya huce.

Masu masa su jiƙa ɗanyar shinkafa kofi 4 tun hantsi. Da dare a markaɗa ta da dafaffiyar shinkafa kofi 1 da albasa rabi, a sa yis cokali ɗaya da sukari kaɗan, a rufe. A ƙasar sanyi ƙullu ba ya tashi a kan tebur, sai a ajiye kusa da na'urar ɗumama ɗaki ko a naɗe robar da bargo. A ƙasar zafi kamar Malesiya awa uku ya isa, sai a mayar firji. Tanda kuwa, a shagon Indiyawa akwai kasko mai ramuka da suke yin paniyaram, kuma yana toya masa daidai.

Safiyar Sallah

A Ƙaramar Sallah a ci dabino kafin a fita, a Babba a bari sai an dawo. Ka sa kayanka na gida, babbar riga da hula ko atamfa da mayafi, in sanyi ne ka ɗora rigar sanyi a kai. Ka yi kabbara a hanya ko da a hankali.

Da an sauko Idi a ɗora tuwo. A wanke shinkafar a jiƙa ta tun kafin fita. A raba tukunya biyu, domin kilo 2 da rabi a tukunya ɗaya ya fi ƙarfin murhun lantarki da hannun mai koyo. Kowane kofin shinkafa ruwa kofi uku. A bar ta ta dahu har ta wuce yadda ake ci da miya, in ka matsa ƙwaya tsakanin yatsu ta narke babu tsakiya. In ruwa ya tsotse ba ta yi ba, a ƙara ruwan zafi, ba na sanyi ba. Sai a rage wuta a tuƙa, ana danna ta jikin tukunya, mutum ɗaya ya riƙe tukunyar da tsumma. In ya yi ruwa a barbaɗa garin shinkafa ko semolina kaɗan a ci gaba da tuƙi. A yayyafa ruwa, a rufe, ya turara minti 10, a sake tuƙawa. A kwashe da mara a jiƙe, a malmala, a naɗe a leda a jera a kula. In babu kula, kwali da tawul a ciki na riƙe zafi.

Mai son kuka ya raba romo ya kaɗa ƙaramar tukunya. A sauke daga wuta ko a rage ta sosai, ana barbaɗa garin ana burgawa, sannan a mayar minti biyar. In aka zuba shi gaba ɗaya a tafasasshen ruwa, gudaji zai yi.

Kafin kowa ya zauna, a fitar da kwanon maƙwabta. Wannan a wurina shi ne Sallar. Mai gadin ginin, mai shara, ɗalibar ɗakin da ke kallon naku, malamin da ya ba ka uzuri, kowa a zuba masa masa da nama a roba mai murfi a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ka gaya musu yau idinku ne kuma haka ake yi a garinku. Ka kuma gaya musu akwai gyaɗa a miyar da yajin, domin akwai mutanen da gyaɗa ke kai su asibiti, kuma ka rage barkono a nasu. Su ma za su kira ka. A Malesiya ana buɗe gida ga kowa a ranakun Sallah, a Masar za a ba ka kahk a Ƙarama da fatta a Babba. Ka je, ka riƙa ɗan zoɓo a hannu.

Ku shimfiɗa tabarma ko zanen gado a ƙasa, maza gefe mata gefe in haka kuka saba, a ci da hannu. Babba a cikinku ya yi addu'a ga iyaye da mamata da karatun da ya kawo ku.

Kiran gida

Shi ma shiri yake so. Malesiya na gaban Najeriya da awa 7, Indiya awa 4 da rabi, Turkiyya da Saudiyya awa 2. Ingila lokacin zafi agogo ɗaya ne da gida, lokacin sanyi tana baya da awa 1. Safiyar Sallah Inna na kan murhu, Baba na filin Idi ko gaisuwa gidan mai gari, don haka bayan azahar ɗin gida ya fi. Tun jajibere ka tura wa ƙanenka kuɗin data da na caji, ku tsayar da lokaci, ya kai wayar inda sabis ke kamawa. Goron Sallar yara a tura shi kwana uku kafin ranar, don masu POS na ƙauye kuɗi na yanke musu a jajibere.

Ka fara da manya. "Baba, barka da Sallah, an sauko lafiya? Allah ya maimaita mana." Sannan Inna da abokan zamanta kowa da sunan da kake kiranta, sannan Kaka, wadda za ta tambaye ka ko ka ci tuwo. Ka juya wayar ka nuna mata malmalar. Iyaye ba abin da ke kwantar musu da hankali kamar su ga ɗansu cikin mutane da abinci a gabansa. In sabis ya ƙi, ka yi saƙon murya ga kowa daban, za a kunna musu da dare. In hawaye ya zo maka bayan ka kashe wayar, ba kai kaɗai ba ne, ka fito wajen 'yan'uwa kada ka zauna a ɗaki.

Bayan an watse

A yi wanke-wanke a ranar, a goge murhu da bango, a fitar da shara, domin a ba ku kicin ɗin badi ba tare da ƙorafi ba. Mai riƙe kuɗi ya karanta abin da aka kashe, ragowar a mayar ko a ajiye ta zuwa Sallah ta gaba. Wanda aiki ko rashin lafiya ya hana zuwa a kai masa nasa har ɗaki.

Tuwon da ya rage kada ya wuce awa biyu a waje, don dafaffiyar shinkafa na saurin lalacewa. A sa a firji, da safe a yi ɗumame, a tabbatar ya yi zafi har ciki. Miya a raba ta a ƙananan robobi a sa a firiza, kowace roba ta ci ɗaya. Soyayyen naman da za a ajiye a sake soya shi ya bushe sosai, a bar shi ya huce a buɗe kafin a rufe. A ƙasa mai laima ba ya daɗewa kamar yadda yake daɗewa a Gumel ko Kazaure, don haka shi ma firji ne wurinsa.